Shekarar da Gambiya ta Sauke Jammeh

Duk mai neman Gambiya a taswirar Afirka sai ya ƙura ido. Siririyar ƙasa ce da ta bi gaɓar kogi guda, ta shige cikin Sanigal daga bakin tekun Atlantika zuwa gabas kamar tsinke a cikin tsire. Girmanta murabba'in kilomita 11,300 ne, kaɗan ta ɗara rabin jihar Kano, kuma inda ta fi faɗi bai kai kilomita 50 ba. A 2016 mutanenta kimanin miliyan biyu ne. In ka cire ɗan bakin tekun nan, duk inda ɗan Gambiya ya juya Sanigal ce a gabansa. Wannan siffa ta daɗe tana juya al'amuran ƙasar, ita ce kuma ta raba gardama a shekarar da ta fara daga Afrilun 2016 ta ƙare a Afrilun 2017.

Asalin ƙasar

Maroƙan Mandinka, masu riƙe tarihin gidajen sarauta a ka suna rera shi da kiɗan kora, sun ce bayan Sundiata Keita ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, ya tura sarkin yaƙinsa Tiramakan Traore yamma don ya hukunta sarkin Jolof, wanda ya wulaƙanta 'yan aiken da aka tura sayen dawaki. Daga wannan yaƙi, in ji su, aka sami daular Kaabu da ƙananan masarautun bakin kogi. Zancen baka ne, kowane gida da yadda yake ba da shi. Abin da ke rubuce shi ne, lokacin da Alvise Cadamosto, wani matuƙin jirgi da ke yi wa Fotugal aiki, ya shigo kogin a 1455 ya sake dawowa a 1456, ya tarar da sarakunan Mandinka da ke cewa suna ƙarƙashin sarkin Mali.

Kogin ne ya jawo Turawa, domin jirgin ruwa na iya bin sa ya yi nisa cikin ƙasa. Zinariya suka zo nema, suka ɓuge da cinikin bayi. A 1661 Turawan Ingila suka kama wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogin suka sa masa suna James, Faransawa kuma daga baya suka zauna a Albreda, a gaɓar arewa, ana hangen juna. Daga wannan yanki ne Alex Haley, marubucin Amurka, ya ce aka sace kakansa Kunta Kinte, a littafinsa Roots na 1976. Masana tarihi sun sami giɓi da yawa a silsilar da ya kawo, amma cinikin bayin kansa ba abin musu ba ne. Tun 2011 tsibirin ke amsa sunan Kunta Kinteh.

Bayan Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, sai ta nemi wurin tsare bakin kogin. A 1816 Kyaftin Alexander Grant ya karɓi tsibirin Banjul daga hannun sarkin Kombo ya kafa garin Bathurst. Daga shekarun 1830 gyaɗa ta zama abin fitarwa, ta kuma riƙe ƙasar fiye da shekara ɗari. A cikin karkara kuwa, daga shekarun 1850 aka shiga yaƙe-yaƙe tsakanin malamai masu jihadi da tsofaffin gidajen sarauta, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san tarihin ƙasar Hausa na wancan ƙarni ba. Maba Diakhou Ba ya faɗi a fagen fama a 1867, Fode Kaba Dumbuya kuma sai a 1901 aka kashe shi. Kafin ƙurar ta lafa, Musulunci ya game kusan ko'ina.

Ana cewa wai Turawan Ingila sun shata iyakar Gambiya ne da igwa: jirgin yaƙi ya bi kogin yana harbi hagu da dama, duk inda harsashi ya faɗi nan ce iyaka. Labari ne mai daɗin ji, 'yan rakiyar baƙi suna son ba da shi. Takardu dai sun nuna a birnin Paris aka zauna a watan Agustan 1889, Ingila da Faransa suka amince Ingila ta riƙe kimanin kilomita goma a kowane gefe na kogin. Mandinka, Fulani, Wolof, Jola da Sarahule da ke gida ɗaya da 'yan'uwansu na Sanigal, suka wayi gari wasu na Ingila wasu na Faransa.

1965 zuwa 1994: zamanin Jawara

Ranar 18 ga Fabrairun 1965 Gambiya ta sami 'yancin kai. Mutane da yawa a waje ba su yi zaton za ta kai labari ba, har ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sai da suka yi nazarin yadda za a haɗa ta da Sanigal. Dawda Kairaba Jawara, likitan dabbobi da ya yi karatu a Glasgow, shi ya karɓi mulki da jam'iyyarsa ta PPP. A 1970 ƙasar ta zama jamhuriya, a 1971 ta fito da kuɗinta, dalasi, a 1973 Bathurst ta koma Banjul. A zamanin da maƙwabta ke ƙarƙashin soja ko jam'iyya ɗaya, Gambiya na yin zaɓe da 'yan adawa, jaridu na fita. Shi ya sa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ke ɗauke da sunan Banjul, hedkwatar hukumar da ke kula da ita ma tana can. Sai dai talauci bai motsa ba, kuma jam'iyyar da ta daɗe a kan mulki ta yi tsatsa da cin hanci.

Ranar 30 ga Yulin 1981, Jawara na Landan wajen bikin auren Yarima Charles da Diana, sai Kukoi Samba Sanyang ya yi yunƙurin juyin mulki. Gambiya ba ta da rundunar soja a lokacin. Sojojin Sanigal ne suka shigo suka mayar da Jawara, bayan ɗaruruwan mutane sun mutu. Ladan wannan taimako shi ne tarayyar Senegambia ta 1982, wadda ta watse a 1989 saboda Banjul na tsoron a haɗiye ta. Abin da ya rage daga wannan zamani shi ne rundunar soja da aka kafa. A Banjul aka yanke shawarar kafa rundunar ECOMOG a Agustan 1990, sojojin Gambiya suka je Laberiya, suka dawo suna bore kan kuɗin alawus. Sai Jawara ya gayyato hafsoshin Najeriya su riƙe rundunar, Abubakar Dada ya zama kwamanda. Ƙananan hafsoshin ƙasar ba su ji daɗin hakan ba. Ranar 22 ga Yulin 1994 wasu laftanoni suka kama fadar gwamnati ba tare da zubar da jini ba, Jawara ya hau wani jirgin ruwan yaƙin Amurka da ya kawo ziyara ya tsallaka Dakar. Shugabansu, Yahya Jammeh, ɗan ƙabilar Jola daga ƙauyen Kanilai, shekararsa 29.

1994 zuwa 2015: shekarun Jammeh

A faɗi gaskiya, Jammeh ya yi ayyukan da Jawara bai yi ba cikin shekara talatin. Ya kafa gidan talabijin na ƙasa, ya kafa jami'a a 1999, ya shimfiɗa tituna, ya gina makarantu da asibitoci a karkara. Da wannan ya tuɓe kaki ya ci zaɓen 1996, ya sake ci a 2001 da 2006 da 2011 a ƙarƙashin jam'iyyar APRC. Ya koma sa farar babbar riga, Alƙur'ani da carbi a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, in zai wuce ana watsa wa jama'a biskit daga motocin ayarinsa. A 2011 ya gaya wa BBC cewa in Allah ya so zai yi mulkin shekara biliyan.

Ƙarƙashin rigar kuwa akwai hukumar leƙen asiri ta NIA, da gidan yarin Mile 2, da wani gungun sojoji da ake kira Junglers, masu aikin kisa. A Afrilun 2000 jami'an tsaro suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga, mutum 14 suka mutu. A Disambar 2004 aka harbe Deyda Hydara na jaridar The Point a cikin motarsa. A Yulin 2005 aka kashe 'yan ci-rani fiye da 50 da ke neman hanyar Turai, galibinsu 'yan Ghana, akwai 'yan Najeriya a ciki. A 2007 ya ce yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganye, aka sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu. A 2009 aka kwashe mutanen ƙauyuka kusan dubu da sunan mayu ne, aka ɗura musu jiƙo mai gusar da hankali. A Agustan 2012 aka kashe fursunoni tara a dare ɗaya, Imam Baba Leigh da ya yi magana aka ɓatar da shi wata da watanni.

Abin da ya kamata a lura da shi, don shi ne ya yi aiki daga baya, Jammeh ya bi abokan ƙasarsa ɗaya bayan ɗaya ya ɓata da su. A Oktoban 2013 ya fice daga Commonwealth, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Wata guda bayan nan ya yanke hulɗa da Taiwan, wadda ta daɗe tana ba shi kuɗi. Tarayyar Turai ta dakatar da tallafi a ƙarshen 2014, shi kuma ya kori wakiliyarta a 2015. Amurka ta cire Gambiya daga tsarin sassaucin ciniki na AGOA. A Disambar 2015 ya wayi gari ya ce ƙasar ta zama Jamhuriyar Musulunci, ba ƙuri'ar raba gardama, ba gyaran tsarin mulki. Masu lura da yawa sun fassara shi da neman kuɗin ƙasashen Larabawa. Sanigal kuwa ta daɗe tana zarginsa da ɗaure wa 'yan tawayen yankinta na Casamance gindi da cin ribar katakon da ake sata daga dazuzzukanta.

Aljihun ƙasa ya rame a daidai lokacin. Damina ta yi gardama a 2014, gyaɗa da shinkafa suka faɗi. Cutar Ebola ba ta shiga Gambiya ba, amma Turawa masu zuwa shan hantsi a otal-otal na bakin teku suka ƙaurace, alhali yawon buɗe ido na kawo kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikin ƙasar. A 2015 fadar shugaban ƙasa ta ƙayyade farashin dala da umarni, sai dala ta ɓuya. Matasa suka kama hanyar da suke kira hanyar baya: Bamako, Wagadugu, Yamai, Agadas, sai hamada zuwa Libiya, sai teku. A 2016 kaɗai 'yan Gambiya kusan 12,000 suka sauka Italiya ta ruwa, daga ƙasa mai mutum miliyan biyu. Da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a hanya, ko a Turai, ko a ƙarƙashin teku.

Fabrairu zuwa Oktoban 2016

Shekarar 2016 ta buɗe da rigimar iyaka. Babbar hanyar da ta haɗa Dakar da Casamance ta cikin Gambiya ta bi, a lokacin ana tsallake kogi da jirgin fito kusa da Farafenni. A Fabrairu gwamnatin Jammeh ta ɗaga kuɗin da babbar motar Sanigal ke biya daga sefa 4,000 zuwa 400,000. Ƙungiyoyin direbobin Sanigal suka toshe iyaka, suka gwammace su yi zagaye ta Tambacounda. Wata uku ana haka. Kaya suka yi tsada a kasuwar Serekunda, kuɗin kwastan ya ragu, 'yan kasuwar da ke rayuwa kan shigo da kaya ta tashar Banjul su sayar wa maƙwabta suka zauna. A watan Mayu aka buɗe, bayan Banjul ta janye ƙarin. Kowa ya ga wanda ke riƙe da maƙogwaron wani.

Dokar zaɓe ta 2015 ta ɗaga kuɗin tsayawa takarar shugaban ƙasa daga dalasi 10,000 zuwa 500,000. Ranar 14 ga Afrilun 2016, Solo Sandeng, sakataren tsare-tsare na jam'iyyar adawa ta UDP, ya fito da 'yan mutane kaɗan a mahaɗar Westfield da ke Serekunda, riƙe da ƙyalle mai neman gyaran dokar zaɓe. Aka kama su, aka kai shi NIA, aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa, aka binne shi a ɓoye. Ranar 16 ga wata shugaban jam'iyyar, lauya Ousainou Darboe, ya fito da manyan jam'iyya suna neman a ba su Sandeng a raye ko a mace. Su ma aka kwashe su, a watan Yuli aka ɗaure Darboe shekara uku.

A da, nan maganar za ta mutu. Wannan karon mata suka riƙa taruwa a bakin kotu duk ranar zama, suna ɗaga ludayi sama, hotuna na yawo a WhatsApp da Facebook, gidajen rediyon intanet na 'yan Gambiya mazauna Amurka da Turai suna ta yaɗawa. Su waɗannan na waje, da kuɗin da suke aikowa ake cefane a dubban gidaje, don haka maganarsu na da nauyi. A watan Yuni Jammeh ya ƙara wa wutar fetur: a wani gangami a Tallinding ya zagi Mandinka, ƙabila mafi yawa a ƙasar, ya yi barazanar hallaka su, har mai ba Majalisar Ɗinkin Duniya shawara kan hana kisan ƙare dangi, Adama Dieng, ya fito ya yi tir.

Ɗaure Darboe ya yi wa 'yan adawa abin da suka kasa yi wa kansu shekara ashirin. Duk haɗakar da aka gwada a baya kan wa zai tsaya take wargajewa, manya ba mai bar wa wani. Da babban ya shiga kurkuku, UDP ta ɗauko ma'ajinta, Adama Barrow, dillalin filaye da gidaje, haifaffen wani ƙauye kusa da Basse, wanda ya taɓa aikin gadi a wani kanti a Landan. Bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, ba shi da kaifin baki, ba wanda ke jin tsoronsa. A ganina wannan ne ya sa aka yarda da shi. Ranar 30 ga Oktoba wakilan jam'iyyu bakwai suka zaɓe shi ɗan takarar gamayya, bisa alƙawarin zai yi shekara uku ya shirya sabon zaɓe. Dakta Isatou Touray, mace ta farko da ta nemi kujerar, ta janye ta mara masa baya. Shi da Jammeh duk a 1965 aka haife su, shekarar 'yancin kai. A cikin watan nan ne gwamnati ta ce za ta fice daga kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, a cikinsa ne kuma Fatim Jawara, mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasar, ta nutse a tekun Bahar Rum tana da shekara 19.

Disambar 2016

A Gambiya ba a dangwala wa takarda. Tun shekarun 1960, saboda ƙarancin masu karatu, ana ba mai zaɓe ɗan ƙwallon gilashi guda, irin wanda yara ke wasa da shi. Ya shiga bayan labule, ya tarar da 'yan durom na ƙarfe, kowanne da fentin ɗan takara da hotonsa. Ya jefa ta wani bututu, ƙwallon ya bugi ƙararrawa irin ta keke, jami'ai a waje su ji ƙara ɗaya. In sun ji biyu an yi maguɗi. Don haka ake hana kekuna zuwa kusa da rumfar zaɓe. Wajen ƙirga, sai a juye ƙwallayen a kan allo mai ramuka 200 ko 500, kowa na gani. A zaɓen 1 ga Disamba, na Jammeh kore ne, na Barrow ruwan toka, na Mama Kandeh, wanda aka kora daga APRC, shunayya.

Sabon abu a wannan shekara shi ne an ƙirga a rumfa nan take, gaban wakilan jam'iyyu, maimakon a kwashi durom zuwa wata cibiya. Gwamnati ta katse intanet da kiran waya na ƙasashen waje tun daren jajibiri, amma alƙaluman kowace rumfa sun riga sun shiga hannun mutane da yawa. Ranar 2 ga wata shugaban hukumar zaɓe, dattijo Alieu Momar Njai, ya bayyana Barrow ya ci. Da dare aka nuna Jammeh a talabijin yana waya da Barrow, yana dariya, yana taya shi murna, yana cewa zai koma gona a Kanilai. Mutane suka cika tituna suna yage hotunansa.

Murnar ba ta yi mako guda cur ba. Ranar 5 ga wata hukumar zaɓe ta ce an yi kuskuren tara lissafi, ta fito da gyara: Barrow 227,708, Jammeh 208,487, Kandeh 89,768. Ratar da ta haura 50,000 ta dawo 19,221. A ranar aka ba da belin Darboe. Sai wata jigo a gamayyar, Fatoumata Jallow-Tambajang, ta gaya wa jaridar Guardian ta Landan cewa za a gurfanar da Jammeh cikin shekara guda. Gaskiya ce aka faɗa ba a lokacinta ba, ga mutumin da har yanzu makamai na hannunsa. Ranar 9 ga Disamba Jammeh ya dawo talabijin ya ce ya soke zaɓen baki ɗaya. A wannan ranar ce John Mahama na Ghana ya kira Nana Akufo-Addo ya amsa shan kaye.

Ranar 13 ga wata shugabanni huɗu suka sauka Banjul da sunan ECOWAS: Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, Muhammadu Buhari, Ernest Bai Koroma na Saliyo, da Mahama. A safiyar ranar sojoji suka mamaye ofishin hukumar zaɓe. Taron Abuja na 17 ga wata ya naɗa Buhari babban mai shiga tsakani, ya kuma ce ranar 19 ga Janairu dole a rantsar da Barrow. A cikin gida ƙungiyar lauyoyi, malaman makaranta, likitoci, 'yan kasuwa da jakadun ƙasar a waje suka riƙa fitowa suna cewa ya sauka. Matasa suka buga riguna da alluna masu cewa Gambiya ta yanke shawara, sojoji na cirewa da dare, ana mayarwa da safe.

Janairun 2017

Jammeh ya kai ƙara Kotun Ƙoli, nan ya faɗa ramin da ya haƙa. Ya daɗe yana korar alƙalai yana ɗauko na haya daga waje, har kotun ta fi shekara ba ta zauna ba. Alƙalin Alƙalai Emmanuel Fagbenle, ɗan Najeriya, shi kaɗai ya rage. Ranar 10 ga Janairu aka ɗage shari'ar, domin alƙalan da ake jira daga Najeriya da Saliyo ba za su zo ba sai watanni masu zuwa. Njai ya riga ya tsere Sanigal, an rufe gidajen rediyo masu zaman kansu. Majalisar wakilan Najeriya ta amince a ba Jammeh mafaka in ya sauka. Buhari ya koma ranar 13 ga wata, bai samo komai ba, sai dai an fita da Barrow zuwa taron Bamako, daga can Dakar. Yana can ɗansa ƙarami ya rasu bayan kare ya cije shi, bai sami halartar jana'iza ba.

Ranar 17 ga wata Jammeh ya kafa dokar ta-ɓaci ta kwana 90, majalisarsa ta ƙara masa wata uku. Ministoci suka riƙa ajiye aiki, har mataimakiyarsa ta shekara ashirin, Isatou Njie-Saidy. Kamfanonin yawon buɗe ido suka aiko jirage suka kwashe baƙinsu ana tsakiyar kakar cinikin otal. Mutum kimanin 45,000, galibi mata da yara, suka tsallaka Sanigal da ƙunshin kaya a ka. Kasuwanni suka rufe, Banjul ta yi tsit.

Ranar 19 ga Janairu aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2337 yana mara masa baya, tare da cewa a fara bin hanyar siyasa. Sojojin Sanigal suka tsallaka iyaka, Najeriya ta aika jiragen yaƙi da jirgin ruwa NNS Unity, Ghana ta ba da sojoji 205. Babban hafsan sojin Gambiya, Ousman Badjie, ya ce rigimar 'yan siyasa ce, ba zai kai yaransa su mutu a banza ba, aka ma gan shi cikin masu murna a titi. Alpha Condé na Gini da Mohamed Ould Abdel Aziz na Murtaniya suka yi zaman ƙarshe da Jammeh. Daren 21 ga wata ya hau jirgi yana ɗaga Alƙur'ani, ya bi ta Conakry zuwa Equatorial Guinea, motocinsa na alfarma suka bi shi a jirgin kaya.

An yi ta yaba wa ECOWAS, kuma ta cancanci yabo. Amma a duba abin da ya haɗu: ƙasa ce da maƙwabciya ɗaya ta kewaye, maƙwabciyar na da tsohon haushi, rundunar ƙasar ƙarama ce kuma ta ƙi faɗa, shugaban ba shi da sauran aboki, ga sakamakon zaɓe da shi da bakinsa ya amsa a talabijin. Waɗanda suka ɗauka an sami maganin kowane mai taurin kai sun gane bambancin a 2023, lokacin da aka yi wa sojojin Nijar irin wannan barazana ba ta je ko'ina ba.

Fabrairu zuwa Afrilun 2017

Barrow ya dawo gida ranar 26 ga Janairu, aka sake bikin rantsuwa ranar 18 ga Fabrairu a filin wasa na Bakau. Ya cire kalmar Musulunci daga sunan ƙasar, ya soke ficewa daga kotun duniya, ya saki fursunoni, ya sauya wa NIA suna. Ɗaya daga cikin fursunonin, Amadou Sanneh, ya fito daga kurkuku, cikin 'yan kwanaki ya zama ministan kuɗi. Abin da ya tarar ba daɗi: bashin da ya kai kimanin kashi 120 cikin ɗari na arzikin ƙasa bisa lissafin lokacin, ajiyar kuɗin waje da ba ta kai ta sayen kayan wata biyu ba, kamfanonin wuta da na waya da na fansho duk an tatse su. Tarayyar Turai ta yi alƙawarin Yuro miliyan 225, da fatan matasa za su rage bin hamada. Aka kama tsohon shugaban NIA, Yankuba Badjie, a watan Maris kuma aka tono gawar Solo Sandeng kusa da Tanji.

Gamayyar kuwa ba ta kai zaɓen majalisa ba. Da aka zo 6 ga Afrilu kowace jam'iyya ta tsayar da nata. UDP ta kwashe kujeru 31 cikin 53, APRC ta tsira da biyar, dukansu a Foni, yankin su Jammeh. Waɗanda suka fito zaɓe ba su kai rabin masu rajista ba.

Sauran bayani daga baya ya fito. Hukumar binciken dukiya ta Janneh ta gano Jammeh ya wawure aƙalla dala miliyan 362. Hukumar gaskiya da sulhu ta fara zama a Janairun 2019, 'yan Junglers suka zauna gaban kyamara suna faɗin yadda suka kashe Hydara da 'yan ci-ranin 2005, rahotonta na 2021 ya ce mutum 240 zuwa 250 suka mutu a hannun gwamnati. A watan da ta fara zama aka buɗe gada a Farafenni, inda jirgin fito ya jawo rigimar 2016. Barrow bai sauka bayan shekara uku ba. Ya kori Darboe daga gwamnatinsa, ya kafa jam'iyyarsa ta NPP, ya ƙulla ƙawance da APRC, ya ci zaɓen Disambar 2021 da kashi 53 cikin ɗari. A Yulin 2022 kotu ta yanke wa Yankuba Badjie da wasu mutum huɗu hukuncin kisa kan mutuwar Sandeng. A Disambar 2024 ECOWAS ta amince a kafa kotu ta musamman kan laifukan zamanin Jammeh, shi kuwa yana Equatorial Guinea, ƙasar da ba ta cikin ECOWAS kuma ba ta sa hannu a yarjejeniyar kotun duniya ba.